Folda, GeoPackage, ma'ajiyar intanet ko PostGIS: ina ya fi dacewa a mayar da aikin taswira?

Duk wanda ya taɓa kwafe aikin QGIS, manhajar haɗa taswira, daga kwamfutar ofis zuwa filash, ya je ya buɗe shi a wata kwamfutar, ya san akwatin nan da ke tarbar mutum da jerin leyoyin da aka ce ba a same su ba (leya ita ce shimfiɗa guda ta bayanai a taswira). Tituna babu, iyakokin mazaɓu babu, hoton tauraron ɗan'adam babu, sai sunayensu kawai da alamar gargaɗi a gefe. Yawanci bayanan suna nan lafiya lau a inda aka bar su. Adireshinsu ne ya karye.

Fayil ɗin aiki, mai ƙarewa da .qgz ko .qgs, takardar kwatance ce kawai. A cikinsa aka rubuta cewa leya kaza tana wuri kaza, a yi mata launi kaza, a ɗora ta a kan leya kaza. Ɗigon rijiyoyin burtsatse ko layin tituna ba sa ciki. Shi ya sa za ka ga fayil ɗin bai kai megabait ɗaya ba, alhali bayanan da yake kira sun kai gigabait 40. Haka abin yake a wasu manhajojin taswira: .aprx na ArcGIS Pro da .mxd na ArcMap. To tun da haka ne, zaɓen wurin da za a mayar da aiki ya rataya ne a kan tambayoyi uku: mutum nawa ne za su riƙa gyara bayanan a lokaci guda, wane irin layin sadarwa ke tsakaninsu da bayanan, kuma nawa ne nauyin hotunan rasta (irin na tauraron ɗan'adam) idan aka gwada da na bekta (ɗigo, layi da iyakoki).

Adireshi iri biyu

QGIS na rubuta inda leya take ta hanya biyu. Akwai cikakken adireshi, irin D:\Taswira\Kano\mazabu.shp, wanda ya faro tun daga harafin faifai. Akwai kuma na kwatance, irin ./bayanai/mazabu.shp, ma'ana "daga nan inda nake, shiga foldar bayanai". Ana zaɓa a Project, sai Properties, sai General, a layin Save paths. Sabon aiki yana zuwa ne a kan Relative, wato kwatance, kuma nan ya kamata a bar shi.

Sai dai mutane da yawa suna ganin an zaɓi kwatance sai hankalinsu ya kwanta, kuma akwai ramuka biyu a nan. Na farko, a Windows kwatance ba ya tsallaka faifai. Idan fayil ɗin aiki yana C: leya kuma tana D:, cikakken adireshi za a rubuta mata ko me ka zaɓa. Na biyu ya fi yawa: an sauke bayanan mazaɓu na shirin GRID3 ko titunan OpenStreetMap daga intanet, sun faɗa foldar Downloads, an jawo su cikin aiki daga can. Adireshinsu zai zama wani abu kamar ../../Downloads/tituna.shp. Kwatance ne, amma ya fita daga foldar aikin, don haka ranar da aka kwafe foldar kaɗai, leyar ta tsaya a baya.

Hanyar da ta fi sauri ta gano waɗannan ita ce a yi kwafin .qgz, a buɗe shi da 7-Zip, tunda asalinsa fayil ɗin zip ne, a fito da .qgs ɗin da ke ciki, a buɗe da Notepad++, a nemi kalmar datasource. Duk layin da ya fara da harafin faifai ko da ɗigo biyu, bayanansa suna waje. Minti goma na wannan dubawa yana hana ɓata yini guda daga baya.

A duba kuma leyoyin wucin gadi. Suna da 'yar alama a gefen sunansu, kuma suna zaune ne a ƙwaƙwalwar kwamfuta, da an rufe QGIS abin da ke cikinsu ya tafi. Sakamakon kayan aikin Processing, sashen sarrafa bayanai na QGIS, da ba a ba shi wurin ajiya ba, shi ma ko dai yana ƙwaƙwalwa ko yana foldar wucin gadi da ake sharewa. A danna dama a kan leyar a zaɓi Make Permanent, ko a fitar da ita zuwa fayil, tun kafin a fara maganar ƙaura.

Kwafe folda sukutum

Wannan ita ce hanyar da ta fi sauƙi, kuma ga mutum ɗaya da ke aikinsa shi kaɗai, ita muke ba da shawara. Sharaɗinta ɗaya ne: komai ya zauna a ƙarƙashin uwar folda guda. Fayil ɗin aiki a sama, sai foldar bekta, foldar rasta, foldar hotunan fili, foldar alamomi da tambari, da foldar abin da aka buga. Duk leyar da ke waje a kwafo ta ciki, sannan a danna dama a kanta a zaɓi Change Data Source a nuna mata sabon wuri. Wannan ba ya taɓa launi ko lakabin da aka sha wahalar tsarawa, saɓanin cire leya a sake jawo ta. A ajiye aikin, a rufe QGIS gaba ɗaya, sannan a kwafa.

Sunayen folda da na fayil a yi su gajeru, da ƙananan haruffa, ba tazara, ba haruffa masu lanƙwasa ko alamar hamza. Wannan ba raina rubutun Hausa ba ne. A cikin teburin bayanai dole a rubuta Ɗambatta da Ƙaura Namoda daidai, amma sunan fayil yana ratsa manhajoji da yawa da ba duka ke fahimtar waɗannan haruffa ba. Windows kuma yana da tsohuwar iyaka ta haruffa 260 ga tsawon adireshi, wadda har yanzu manhajoji da yawa ke tuntuɓe da ita, musamman bayanan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 da ke zuwa da folda cikin folda masu dogayen sunaye. Idan za a kai aikin kan Linux, a tuna cewa a can Tituna.shp da tituna.shp fayiloli biyu ne daban, alhali Windows ɗaya yake ɗaukarsu.

Abin da za a kwafa a kai ma yana da nasa hukunci. Filash da yawa suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Hoton da aka harhaɗa daga jirgi mara matuƙi yakan wuce haka cikin sauƙi, sai kwamfuta ta ce fayil ya yi girma alhali filash ɗin na da sarari. Tsarin exFAT ya kawar da wannan iyaka kuma Windows da Mac duk suna rubutu a kansa, amma ba ya riƙe da kundin abin da yake cikin rubutawa, don haka idan aka zare shi ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar kwafa, ya fi saurin lalacewa. NTFS ya fi jure wannan, sai dai Mac karantawa kawai yake yi daga gare shi idan ba a ƙara masa wata manhaja ba. Ga ofishin da kowa ke amfani da Windows, faifan waje mai NTFS ne zaɓi.

Kada a yi amfani da yanka da liƙa. A kwafa, a tabbatar, sannan a goge tsohon. Ga bayanai masu nauyi, jan folda da linzami ba shi da tabbas, domin fayil ɗaya ya maƙale sai mutum ya rasa me ya wuce me ya rage. A Windows akwai robocopy:

robocopy D:\aikin_kano E:\aikin_kano /E /Z /R:2 /W:5 /LOG:kwafi.txt

/E na kwashe duk ƙananan foldodi, /Z na ba da damar ci gaba daga inda aka tsaya idan layi ya yanke, /R:2 da /W:5 kuma na cewa a sake gwadawa sau biyu kawai da jiran daƙiƙa biyar. Kada a bar waɗannan biyun, domin asalin saitin robocopy shi ne ya sake gwadawa sau miliyan ɗaya yana jiran daƙiƙa 30 kowane karo, fayil ɗaya da ke kulle sai ya tsayar da aikin har gari ya waye. A yi hattara da /MIR: yana goge duk abin da ke wurin sauka wanda babu shi a wurin tashi, kuma wanda ya juya adireshin biyu ya share aikinsa da hannunsa. A Linux da Mac rsync -av ke yin wannan aiki.

Raunin wannan hanya a fili yake. Da zarar an kwafa, kwafi biyu ke nan, kuma bayan wata uku ba wanda ya san wanne ne na gaskiya.

Shapefile a bar shi, ko a tattara cikin GeoPackage?

Nan ne ya kamata a daɗe ana tunani, domin lokacin ƙaura shi ne lokacin da ya fi dacewa a sauya tsarin fayil.

Shapefile ba fayil ɗaya ba ne. Dole sai uku sun haɗu: .shp mai siffofi, .shx mai nuna matsayinsu, da .dbf mai teburin bayanai. Akwai wasu biyu da ake yawan mantawa domin leya na buɗewa ko babu su, kuma rashinsu ne ke yin ɓarna a ɓoye.

Na farko .prj, mai faɗin tsarin kodinet. Idan ya ɓace, wanda ya karɓi bayanan sai ya yi hasashe. A Najeriya hasashen na da tsada, domin tsofaffin taswirori da ayyukan safiyo da yawa an yi su ne a kan ma'aunin Minna, alhali na'urar GPS da hotunan tauraron ɗan'adam suna kan WGS 84. Lambobin sun yi kama sosai: Minna a yanki na 32 na UTM, tsarin da ya raba duniya yanki-yanki, lambar shaidarsa EPSG:26332, WGS 84 a wannan yankin kuma EPSG:32632. Wanda ya ɗora wa bayanan Minna lambar WGS 84 zai ga taswira ta faɗo a garin da ya dace, komai kamar daidai, amma a wajejen Kano ta goce da fiye da mita 100. A aikin filaye wannan ya isa ya kai fulotin wani cikin na maƙwabcinsa. Kuskuren yanki ya fi saurin bayyana: Sakkwato da Yamai suna yanki na 31, Kano na 32, Maiduguri na 33, kuma idan aka sa ba daidai ba bayanan kan yi tsalle ɗaruruwan kilomita.

Na biyu .cpg, ɗan fayil mai kalma ɗaya da ke faɗin tsarin da aka rubuta haruffa da shi. Idan an rubuta tebur da UTF-8 kuma .cpg ya ɓace, wata kwamfutar kan karanta shi da tsohon tsarin Windows na Yammacin Turai, sai Ɗambatta ta koma ÆŠambatta, ƙ ta koma Æ™. Wannan yana gyaruwa: a shiga Properties na leyar, a Source, a mayar da tsarin haruffa UTF-8. Wanda ba ya gyaruwa shi ne idan tun wajen ajiyewa aka zaɓi wancan tsohon tsarin, domin babu ɓ, ɗ da ƙ a cikinsa, alamar tambaya ake sa wa a madadinsu, kuma sai an sake bugawa da hannu. Ƙari a kan haka, sunan ginshiƙi a Shapefile ba ya wuce haruffa 10, rubutu ba ya wuce 254, girman fayil kuma ana tsayar da shi a gigabait 2.

GeoPackage, wanda ƙungiyar OGC mai tsara ƙa'idojin bayanan taswira ta amince da shi a 2014, fayil ɗaya ne mai ƙarewa da .gpkg, ginanne a kan SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai. Leyoyi hamsin na iya zama a ciki, kowacce da tsarin kodinet ɗinta, haruffan Hausa ba sa lalacewa, sunayen ginshiƙai ba sa guntulewa. Aiki mai Shapefile talatin yana nufin fayiloli 150 ko fiye da za a lura da su. A GeoPackage ɗaya ne. A Processing akwai Package layers, wanda ke kwashe leyoyin bekta da aka zaɓa ya zuba su cikin GeoPackage guda, har da launinsu idan an bar zaɓin ajiye salo a kunne. Abin da ba ya yi shi ne juya leyoyin aikin su koma kallon sabon fayil. Wannan sai an bi su da Change Data Source, kuma wanda ya manta zai ɗauki .gpkg ya tafi alhali aikinsa na kiran tsofaffin Shapefile.

Abubuwa biyu kan hana juyawar tafiya. Idan teburin Shapefile na da ginshiƙi mai suna fid kuma akwai lambobin da suka maimaitu a ciki, GeoPackage zai ƙi karɓa, domin a wurinsa fid lambar shaida ce da ba ta maimaituwa. A goge ginshiƙin ko a sauya masa suna. Idan kuma leya ta haɗa siffofi masu gutsure ɗaya da masu gutsure da yawa, kamar ƙaramar hukumar da ke da tsibiri, wajen juyawa da manhajar ogr2ogr sai a ƙara -nlt PROMOTE_TO_MULTI.

Babban tarkon GeoPackage wajen ƙaura shi ne fayiloli biyu da ke bayyana kusa da shi lokacin da ake gyara: masu ƙarewa da .gpkg-wal da .gpkg-shm. Gyaran da aka yi na baya-bayan nan yakan zauna a cikin -wal kafin a zuba shi cikin uwar fayil. Wanda ya kwafe .gpkg kaɗai QGIS na buɗe, zai iya tafiya da fayil da babu aikin da ya yi ranar. A rufe QGIS, a ga su biyun sun ɓace, sannan a kwafa. Idan kwamfuta ta mutu sun rage, kada a goge su. A sake buɗe fayil ɗin a rufe shi lafiya, zai haɗiye su da kansa.

Tun daga QGIS 3.8 ana iya ajiye fayil ɗin aikin ma a cikin GeoPackage, sai ya zama abu guda ake miƙawa. Don tura wa wani ƙaramin aiki wannan yana da kyau. Don aikin yau da kullum mun fi son .qgz ya zauna a waje, saboda idan .gpkg ya lalace ba a yi asarar bayanai da tsarin taswira a lokaci ɗaya ba, kuma ana iya buɗe .qgz a gyara adireshi da hannu. Hotunan rasta kuwa a bar su a GeoTIFF cikin foldarsu, a tabbatar an tafi da 'yan rakiyarsu: .ovr mai sa hoto ya buɗe da sauri, .aux.xml, da .tfw idan akwai. Idan akwai .vrt, a tuna shi ma takardar kwatance ce da ke kiran wasu hotuna, kuma yana da nasa adireshin a ciki.

Shapefile yana da sauran amfani guda: wajen miƙa bayanai ga hukuma ko manhajar da ba ta karɓar komai sai shi. A irin wannan a fitar da kwafi daga GeoPackage, a dunƙule fayilolin duka cikin zip ɗaya.

Foldar ofis da ma'ajiyar intanet

Ofis mai ma'aikata huɗu ko biyar yakan ga mafita ita ce a zuba komai a foldar da kowa ke gani ta netwok. Don karantawa, da hotunan rasta da ba a gyarawa, wannan daidai ne. A sa fayil ɗin aiki a cikin foldar tare da bayanan, domin idan yana kwamfutar mutum, za a rubuta harafin da shi ya ba foldar, wani na kiranta Z: wani Y:, aikin wannan ba zai buɗe wa wancan ba. Matsalar tana wajen gyara. Masu SQLite da kansu sun bayyana cewa tsarin -wal ba ya aiki ta kan netwok, kuma kulle fayil a can ba abin dogaro ba ne. Mutum biyu su buɗe GeoPackage ɗaya suna gyara, ko dai ɗaya ya ga saƙon an kulle rumbu, ko fayil ya lalace. Shapefile ya fi muni: wanda ya ajiye daga baya yana iya danne aikin na farko ba gargaɗi.

Google Drive, OneDrive da Dropbox suna da wannan matsala da ƙari. Fayil suke gani, ba su san abin da ke cikinsa ba. Suna iya tura .gpkg kafin -wal ya shiga ciki, ko su tura .shp su bar .dbf a baya na ɗan lokaci, kuma idan mutum biyu sun gyara sai su ajiye kwafi biyu, haɗa su ya zama aikin hannu. Sukan kuma bar sunan fayil a kwamfuta alhali abin da ke ciki yana intanet, sai ranar da babu data aiki ya ƙi buɗewa. A OneDrive maganin wannan shi ne Always keep on this device. Sannan a yi lissafin layi: gigabait 10 a kan layin da ke tura megabit 5 a daƙiƙa zai ci sama da awa huɗu idan bai yanke ba. Sararin kyauta kuma gigabait 15 ne a Google, 5 a OneDrive.

Hukuncinmu a nan ba shi da sassauci: ma'ajiyar intanet wurin ajiye kwafi ne da miƙa kaya. A yi aiki a faifan kwamfuta, a rufe, a dunƙule cikin zip mai kwanan wata a sunansa, sannan a tura.

PostGIS

Idan da gaske mutum biyu ko fiye za su riƙa gyara leya ɗaya a rana ɗaya, kamar rajistar filaye ko ta bututun ruwa, amsar ita ce rumbun bayanai na PostgreSQL da PostGIS, ƙarin da ke ba shi damar riƙe bayanan taswira. An gina shi ne don mutane da yawa su yi rubutu tare, kowa da sunansa da iyakar abin da aka yarje masa. Kuɗinsa shi ne saba, wato kwamfutar da ke riƙe rumbun, da ba ta mutuwa, wutar da ba ta yankewa ko batir mai riƙe ta, da mutum ɗaya da ya iya kula da ita kuma yake ɗaukar kwafin ajiya kullum. Ofishin da ba shi da wannan mutumin gara ya tsaya a GeoPackage, a raba aiki ta ƙaramar hukuma ko ta mazaɓa, kowa da fayil ɗinsa, mutum ɗaya ya riƙa haɗawa.

Ba a ƙaurar da rumbun PostGIS ta kwafe foldarsa. Ana fitar da shi da pg_dump -Fc, a ƙirƙiri sabon rumbu a sabuwar saba, a tabbatar an girka PostGIS a can, sannan a zuba da pg_restore. Sabuwar saba ta kasance fitowa ɗaya da tsohuwar ko wadda ta fi ta sabunta. Sunayen masu amfani ba sa cikin wannan kwafi, sai an fitar da su daban da pg_dumpall --globals-only, in ba haka ba zubawar za ta cika da ƙorafin ba a san mai tebur ba.

Abin da zai sauƙaƙa duk wata ƙaura ta gaba shi ne fayil ɗin pg_service.conf. A ciki ake rubuta adireshin saba, ƙofarta wadda yawanci 5432 ce, da sunan rumbu, a ba su laƙabi ɗaya, misali filaye. Aikin QGIS laƙabin kawai zai riƙe. Ranar da saba ta sauya adireshi, layi ɗaya za a gyara a kowace kwamfuta maimakon bin leyoyi ɗari a ayyuka ashirin. Yana kuma rage wani haɗari: wanda ya ajiye kalmar sirri kai tsaye a haɗin QGIS, a fili ake rubuta ta cikin fayil ɗin aiki, duk wanda aka tura wa ya samu.

Masu tattara bayanai a fili da waya, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kada su haɗa kai tsaye da saba. Manhajojin QField da Mergin Maps an yi su ne don haka: a yi aiki ba intanet, a dawo a tura abin da ya sauya kaɗai.

Masu ArcGIS Pro suna da kunshin aiki mai ƙarewa da .ppkx da ke tattara taswira da bayanai wuri guda. Idan za a ba wanda ba ya kan netwok ɗin ofis, a kunna Share outside of organization domin a kwafo bayanan ciki. Rumbun .gdb kuma folda ce mai fayiloli da yawa, a ɗauke ta dukanta bayan an rufe manhaja, kada a taɓa abin da ke ciki ɗaya-ɗaya.

Abin da ba ya bin kaya, da yadda ake tabbatarwa

Ko wace hanya aka bi, akwai abubuwan da ke zaune a kwamfuta ba a aiki ba. Salon rubutun da aka yi lakabi da shi, idan babu shi a sabuwar kwamfuta za a musanya shi da wani, lakabi su goce, wani lokacin haruffa masu lanƙwasa su koma akwatuna. Alamomin SVG da tambarin da ke shafin bugawa ana iya cusa su cikin aikin da Embed File. Ƙarin manhajojin da aka girka wa QGIS, da ma'ajiyar kalmomin sirrinsa, suna foldar mai amfani. Hotunan fili da aka liƙa wa ɗigo, a saita su su riƙe adireshi daga foldar aiki. Aikin da aka ajiye da sabuwar fitowar QGIS kuma yana iya rasa wasu saituna a tsohuwa, don haka ofis ya tsaya a kan fitowa ɗaya mai dogon tallafi.

Idan an riga an yi ƙaura akwatin leyoyin da suka ɓace ya fito, kada a danna Remove Unavailable Layers sannan a ajiye, domin launi da lakabinsu za su tafi tare da su. A zaɓi Keep Unavailable Layers, ko a gwada Auto-Find, ko a nuna wa ɗaya wurinta. Sababbin fitowar QGIS kan gyara sauran da ke folda ɗaya da ita. Idan harafin faifai ne kawai ya sauya, E: ya koma F:, a mayar masa da tsohon harafinsa a Disk Management. Idan leyoyin sun yi yawa, a yi kwafin .qgs a musanya tsohon adireshi da sabo a Notepad++ gaba ɗaya.

Gwajin da ake yi a kwamfutar da aka kwafo daga cikinta ba gwaji ba ne, domin leyar da ke kiran tsohon wuri za ta buɗe lafiya tunda tsohon wurin yana nan. A sauya wa tsohuwar folda suna na ɗan lokaci, ko a zare tsohon faifai, ko a buɗe a wata kwamfuta daban. A gwada adadin fayiloli da jimillar girmansu a ɓangarorin biyu. Ga manyan fayiloli a gwada lambar tantancewa da Get-FileHash a PowerShell ko sha256sum a Linux, lambobin biyu su zo iri ɗaya. A kunna Show Feature Count a kan muhimman leyoyi: idan leyar ƙananan hukumomin Kano ce a ga 44, idan ta ƙasa baki ɗaya ce a ga 774. A buɗe tebur a nemi suna mai ɗ ko ƙ. A ɗora wani wuri da aka sani sarai, kamar mahaɗar tituna, a kan hoton tauraron ɗan'adam a ga ya zauna daidai. A fitar da shafin bugawa ɗaya zuwa PDF a duba tambari da lakabi. Tsohuwar foldar kuma a mayar da ita ta karatu kawai, a rubuta kwanan watan ƙaura a sunanta, a bar ta aƙalla wata guda ana aiki da sabuwar kafin a goge.